Daga Lafani Zuwa Bakin Teku: Tafiyar Ƙasa A Tsibirin Gberefu

Wannan watan wata 'yar uwa ce ta rubuto daga Lafani, can ƙasar Illela. Maigidanta yana kai albasa Legas, kuma ya yi alkawarin idan yara sun samu hutu zai kai su su ga teku. Ita dai ba ta son wuraren shaƙatawan nan na cikin birni da ake cakuɗuwa ana kiɗe-kiɗe, shi ne take tambaya ko akwai bakin ruwan da matar aure za ta je da hijabinta da 'ya'yanta ba tare da ta ji kunya ba.

Akwai, 'yar uwa, amma sai kin taka da ƙafarki. Sunan wurin Gberefu, wani siririn tsibiri ne da ke tsakanin garin Badagiri da Tekun Atilantika, a ƙarshen jihar Legas ta yamma, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Ke da kika tashi kina jin Ƙonni a bayan gida, ba za ki yi baƙunta a garin kan iyaka ba. Lokacin da gwamnati ta buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, bayan rufewar da aka yi tun Agustan 2019, Illela na ciki, haka ma Seme wadda ke gaba kaɗan da Badagiri. Sannan babbar hanyar nan mai tsawon kilomita 1,068 da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, daga Illela za ta taso, a Badagiri za ta tuƙe. Kafin a gama ta, sai haƙuri da tsohuwar hanya da gajiyarta.

Daga bakin gaɓar garin Badagiri ake shiga kwale-kwale a tsallaka ruwan da ya raba gari da tsibirin. Tsallakawar 'yan mintoci ce, amma kada gajartarta ta ruɗe ki. Kowane yaro a sa masa rigar nan da ke hana nutsewa, a ɗaure ta sosai, ke ma ki sa a kan hijabinki. Idan mai jirgi ya ce babu, ko ya ce ai kusa ne, ku jira wani. Mu mutanen tudu ne, yawancinmu ba mu iya iyo ba, ba kuma abin kunya ba ne a faɗa.

Da an sauka sai tafiya. Hanya ce da ta ratsa tsibirin daga wannan gefe zuwa wancan, ga ciyayi da itatuwan kwakwa nan da can, kuma da yara za ta ci kamar rabin sa'a. Na san wata za ta yi dariya ta ce rabin sa'a har tafiya ce ga wadda ta saba kai abinci gona? To ki sani zafin can daban yake da namu. Namu busasshe ne, gumi na fita iska na shanye shi. Na bakin teku kuwa damshi ne, gumi ya jiƙe ki sharkaf ya ƙi bushewa, ga rairayi na riƙe ƙafa. Saboda haka a yi sammako, a sa hijabi marar nauyi, a bar takalmi mai tsini a masauki. Mai tsohon ciki da tsohuwar da gwiwa ke damu, gara su zauna a gari.

Wannan hanya ita ce dalilin da ya sa na zaɓar miki Gberefu a kan sauran wurare. Ta nan aka riƙa kora bayi cikin sarƙa zuwa inda jiragen Turawa ke jira, shi ya sa ake kiran ƙarshenta da sunan da ke nufin wurin da ba a dawowa. A tsakiyar tafiya za ku iske wata tsohuwar rijiya. Masu yi wa baƙi jagora suna cewa an zuba mata magani, ana tilasta wa bayi su sha don su manta da gida. Wannan labarin baka ne, kuma ko ba a yi wa rijiya asiri ba, wanda aka raba da uwarsa aka tsallaka da shi teku ai an gama raba shi da gida. Ku tsaya a nan ku huta, amma kada kowa ya sha ruwanta.

Kada yaranki su ɗauka labarin wasu mutane ne can. Cikin waɗanda aka sayar a gaɓar tekun nan ta Yammacin Afirka akwai Hausawa da yawa, musamman a farkon ƙarni na 19, lokacin da yaƙe-yaƙe suka yawaita a ƙasar Hausa da ƙasar Yarabawa. An kai su Bahiya a ƙasar Barazil, inda hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salbado, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu, kuma an samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Barazil ba ta haramta bauta ba sai 1888. Idan yaro ya tambaye ki wa ya kama su tun farko, kada ki ce Bature kawai. Bature ya saya, amma baƙar fata ne ya kamo, baƙar fata ne ya kora su kudu, kuma ƙasarmu ba ta fita daga wannan ciniki da hannu fari ba. Yaron da ya isa yin tambayar ya isa jin amsar.

Akwai kuma abin da ya haɗa Badagiri da Sakkwato kai tsaye. Daga nan ne Baturen nan Kilafatan ya kama hanya a Disambar 1825 don zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya isa, amma bai koma ba, a Sakkwato ya mutu a Afrilun 1827. Yaronsa Landa ne ya kwaso takardunsa ya sake ratso ƙasa har Badagiri. Kin ga ke nan hanyar da injiniyoyi ke aunawa yau, an daɗe da taka irinta da ƙafa da kofato.

Tun kafin ki ga tekun za ki fara jin rurinsa. Daga nan sai fili ya buɗe, rairayi shimfiɗe hagu da dama, ruwa iya ganinki. Idan ba ranar hutu ba ce, mutane kaɗan za ki tarar. A nan ne nake so ki buɗe kunne da kyau. Teku ba tafkin Kalmalo ba ne. Tafki a kwance yake, idan yaro ya shiga zuwa gwiwa, a gwiwa ruwan zai tsaya. Igiyar teku kuwa takan zo ta wuce inda ta baya ta tsaya, kuma komawarta ta fi zuwanta haɗari, don tana zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa, mutum ya faɗi, ta ja shi. Gaɓar Legas ta yi suna wajen ƙarfin igiya, har gwanayen iyo tana ci. Babu wanka, ko da maigida ya ce shi ya iya. Yaro yana son ruwa ya taɓa ƙafarsa? To hannunsa na cikin na babba, fuska na kallon teku, kada a ba shi baya don ɗaukar hoto. Ke kuma ki tuna zane da hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa. Kada ki dogara da cewa akwai mai ceto a kusa. Kuma ki ƙidaya 'ya'yanki da kanki, kada ki bar wa babbar yarinya, ita ma yau ta fara ganin teku, hankalinta ba ya kan ƙannenta.

Guzuri daga gari za ki taho da shi. Ruwan sha ya fi komai, kowa da gorarsa, har da na komowa. Dabino, kilishi, ƙuli-ƙuli da gyaɗa ba sa lalacewa. Fura da nono kuwa kafin a isa sun yi tsami. Ledojin da kuka ci abinci ku tattara ku koma da su. Idan azahar ta riske ku a can, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai dai a bar maigida ya ɗebo a buta. Teku yana kudu, don haka idan kina fuskantarsa, alƙibla na hannunki na hagu, ta ɗan karkata baya kaɗan. A shimfiɗa darduma can sama inda rairayi ya bushe.

Game da lokaci, hutun Disamba ya fi dacewa. Damina a Legas tana da ƙarfi, musamman Yuni da Yuli, ga ruwan sama ga teku a fusace. Ku yi ciniki da mai jirgi da mai jagora tun kafin a tashi, a kan zuwa da dawowa, ku karɓi lambar wayar mai jirgin, kuma ku juyo tun la'asar ba ta yi sanyi ba.

Idan da sauran ƙarfi bayan kun tsallako, a cikin gari akwai gidan Seriki Abass, inda aka riƙa tsare bayi a 'yan ƙananan ɗakuna kafin a kai su tsibirin. Musulmi ne, shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya zama dillalin bayi, kuma sarautar tasa ta Seriki daga kalmarmu ta sarki aka aro ta. Akwai sarƙoƙi da mari da ake nuna wa baƙi, har akan ce mutum ya ɗaga ya ji nauyi. Manyan yara su shiga su gani. Ƙanana kuwa, waɗanda ba su kai shekara bakwai ba, ki zauna da su a waje ki saya musu kwakwa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.