Wa Ya Ba Ku Ikon Ɗaure Yatsun Mai Karatu?

A makon jiya kawuna ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba mini, ko wannan abu ya lalace ne?" Sharuɗɗan biyan kuɗin makarantar jikarsa yake son karantawa a shafin makarantar, rubutun kuwa ƙanana kamar jerin tururuwa. Ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin ya buɗa su, yadda ya saba yi wa hoto, amma shafin ya ƙi motsi. Wayar lafiyarta lau. Wanda ya gina shafin ne ya saka wani ɗan umarni da ya hana kowa ƙara girmansa.

Wannan ɗabi'a ta masu gina shafuka nake ƙalubalanta a yau, domin zalunci ce da ake yi da sunan ado.

Bari mu fara da inda aka ɗaure yatsun kawu. A saman kowane shafi akwai wani layi da ke gaya wa waya yadda za ta shimfiɗa shi, wanda kamfanin Apple ya ɓullo da shi a zamanin iPhone na farko, a 2007. A cikinsa ne wasu ke rubuta `user-scalable=no` ko `maximum-scale=1`, ma'ana kada a bar mai karatu ya ƙara girman komai. Idan ka tambaye su dalili, sai su ce manhajar Safari takan zuƙo shafi da kanta duk lokacin da mutum ya taɓa gurbin cike fom, tsari ya hargitse. Gaskiya ne tana yin haka, amma sai idan rubutun gurbin bai kai fiksel 16 ba. Wato Safari gyaran kuskurensu take yi. Maganin shi ne a ɗaga rubutun ya kai 16, su kuwa sai suka zaɓi su kashe zuƙowar baki ɗaya. Abin ya yi muni har Apple ɗin kansa, tun daga iOS 10 a 2016, ya sa Safari ta daina bin wannan umarni. Sai dai akasarin mutanenmu Android suke riƙewa, kuma a can umarnin yana nan yana aiki.

Laifi na biyu a cikin CSS yake, wato harshen da ake tsara kamannin shafi da shi, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994. A CSS kana iya auna rubutu da `px`, awo tsayayye, ko da `rem`, wanda ke bin girman da mai karatu ya zaɓa a manhajarsa. Manhajojin shiga intanet suna zuwa da 16 a matsayin asali. Idan dattijo ya mayar da nasa 24, rubutun da aka auna da `rem` zai girma tare da zaɓinsa, wanda aka ƙulle da `px` kuwa zai yi kunnen uwar shegu da shi. Akwai ma wanda ya fi wannan: awon `vw`, mai bin faɗin gilashi. Rubutun da aka auna da shi kaɗai, ko ka zuƙo shafin a kwamfuta, yana nan yadda yake.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni takaici, domin lalaci ne tsagwaronsa. Mutum ya gina jadawali don faffaɗan gilashin kwamfuta, ya ga bai shiga waya ba, sai ya rubuta `transform: scale(0.6)` ya tsuke shi. Lissafin a fili yake: rubutu mai fiksel 16 ya koma ƙasa da 10, maɓallan da za a danna su ma sun ƙanƙance har babban yatsa yana taɓa biyu a lokaci guda. Sannan `scale` kamanni kawai yake sauyawa, gurbin da abin ya mamaye tun asali yana nan. Idan an tsuke, fili ya rage a banza. Idan an faɗaɗa, abin ya hau kan maƙwabcinsa ya rufe shi. Ɗan'uwansa `zoom`, wanda ya samo asali daga Internet Explorer kuma Firefox ba ta karɓe shi ba sai a 2024, yana matsar da maƙwabta, amma shi ma idan aka tsuke rubutu da shi, idon mai karatu ne ke biyan kuɗin. Waɗannan kayan aiki suna da muhallinsu, kamar hoto ya ɗan taso idan an nuna shi. Ba a yi su don ɓoye aikin da aka ƙi yi ba.

Mu masu karanta Hausa abin ya fi shafar mu. Tsakanin fada da faɗa, ko kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, lanƙwasa ce 'yar mitsitsiya a kan harafi. Idan rubutu ya yi ƙanƙanta, ita ce farkon abin da ke ɓacewa. Mai karanta ajami kuwa da ɗigo da wasali yake rarrabe kalmomi, don haka nasa ya fi tsanani.

Kada wani ya ce mutane ƙalilan ne abin ya dama. Daga wajen shekara 40 idon kusan kowa yakan fara gajiya da ƙaramin rubutu na kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani. Ƙa'ida ma an daɗe da shimfiɗa ta: tun 2008 ƙungiyar W3C ta tanadi, a cikin WCAG 2.0, cewa dole a iya ninka girman rubutu zuwa kashi 200 cikin ɗari ba tare da wani abu ya ɓace ba. A 2018 aka ƙara cewa shafi ya iya sake jera kansa a faɗin fiksel 320, kada mai karatu ya riƙa jan layi hagu da dama.

Na san abin da masu zane za su ce: idan aka bari kowa ya zuƙo, kyan shafin zai lalace. Shafin da ninki biyu ke rushewa, dama can ginin tubalin toka ne, zuƙowa tona shi kawai ta yi. Kuma kyan da ba a iya karantawa, wa aka yi wa shi? Na yarda akwai taswira da wasanni masu nasu tsarin zuƙowa. Shafin labarai da fom ɗin makaranta da sanarwar asibiti ba sa cikinsu.

Mai gina shafi, ka goge wancan umarni yau, ka auna rubutunka da `rem`, jadawalin da ya ƙi shiga waya ka sake jera shi. Kai kuma mai ba da kwangila, kafin ka biya, buɗe shafin a Chrome ka danna Ctrl da alamar tarawa sau biyar, wato kashi 200. Idan rubutu ya hau rubutu, aiki bai ƙare ba. Sannan ka gwada shi da yatsu biyu a waya mai araha, irin wadda ke hannun jama'a.

Shi kuwa kawu, na shiga saitin Chrome na wayarsa, ɓangaren sauƙaƙa amfani, na kunna zaɓin da ke tilasta wa kowane shafi ya yarda a zuƙo shi. Ya karanta sharuɗɗan da kansa, ya gano ranar ƙarshe ta biya saura kwana biyu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wanda ba shi da ɗa a kusa fa?"