Rumbu a Buɗe, Ɗalibi da Yunwa

Lokacin da kotun musamman ta Dakar ta yanke wa Hissène Habré ɗaurin rai da rai a ranar 30 ga Mayun 2016, ba da bakin shaidu kaɗai ta dogara ba. Masana daga Ajantina ne suka tono kaburbura a Cadi, suka nazarci ƙasusuwan mamatan. Ta'asar a gida aka yi ta, amma gwanintar tabbatar da ita sai da aka ɗauko daga ƙetare. Wannan giɓi ba zai cike ba sai ɗalibin kimiyyar sinadarai da na binciken laifuka a Jami'ar N'Djamena ya iya nemo abin da magabatansa suka rubuta.

Galibi kuɗi ake ɗora wa laifi, kuma gaskiya ne mujallun kimiyya suna da ɗan karen tsada. Sai dai ba kowace ƙofa ce a rufe ba. Shirin Research4Life, wanda ya samo asali daga Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta, kuma Cadi na cikinsu. Sharaɗin shi ne cibiya ta yi rajista. PubChem da PubMed ba sa karɓar ko sisi. Rumbun HAL na Faransa cike yake da kundayen digiri, AJOL kuwa ya tattara mujallun Afirka.

Babban shingen shi ne harshe. Da Faransanci da Larabci ake karatu a Cadi, alhali mafi yawan binciken sinadarai da Ingilishi ake buga shi. Wanda ya nemi farasitamol da sunan da ya sani zai iya rasa rubuce-rubucen Amurkawa, domin su acetaminophen suke kiransa. Amma lambar CAS ɗinsa, 103-90-2, ɗaya ce a kowane harshe. Da ita zai shiga PubChem ya kwaso dukkan sunayen maganin, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Irin wannan dabara ba a tsintar ta a hanya, koyar da ita ake yi. Ya kamata tsangayar kimiyya da ke Farcha ta mayar da neman bayanai darasi na dole tun shekarar farko, da ma'aikacin laburare a gaban aji. Matsalar lantarki da tsadar intanet na nan, amma ko an magance su, wanda bai san inda rumbu yake ba da yunwa zai kwana.