Sharhi: Yunƙurin Amurka na rage tsadar na'urorin jiragen yaƙi

A jirgin yaƙi na zamani, rediyon sadarwa da na'urar rada da kyamarorin hango abokan gaba suna lashe kaso mai tsoka na kuɗin da ake kashewa. Tushen tsadar shi ne kowane kamfani ya saba ƙera na'urarsa bisa tsarin da shi kaɗai ya mallaka. Saboda haka gyara ko sabuntawa ba ya yiwuwa sai an koma wurinsa, shi kuma ya yanka farashin da ya ga dama.

Domin karya wannan babakere, Majalisar Dokokin Amurka ta tanadi, a dokar tsaro ta shekarar kuɗi ta 2017, cewa a riƙa tsara manyan makamai ta yadda za a iya cire wani sashe a maye gurbinsa da wani. A 2021 aka fitar da ma'aunin SOSA na farko, wanda ya daidaita allunan lantarki da mahaɗansu, domin allon wani kamfani ya zauna a gurbin na wani, gasa kuma ta sauko da farashi.

Sai dai kamfanoni ba sa son sakin bayanan fasaharsu, domin a gyare-gyare da kayan maye suke samun riba mai ɗorewa.

Batun ya shafi ƙasashe masu saye, irin su Nijeriya da ta karɓi jiragen A-29 Super Tucano 12 a 2021. Kuɗin sayen jirgi sau ɗaya ake biyansa, amma ɗawainiyar kula da na'urorinsa tana bin baitulmali shekara da shekaru.