Bikin Abinyon: wa ke cin ribar ɗan wasa?

Kowace shekara cikin watan Yuli garin Abinyon, a kudancin Faransa, yakan cika da ƴan wasan kwaikwayo. Jean Vilar ne ya kafa bikin a 1947, cikin farfajiyar tsohuwar fadar Fafaroma. Wannan shi ne na hukuma: gwamnati na zuba masa kuɗi, kuma sai wanda aka gayyata. A 1966 André Benedetto ya yi nasa wasa a ɗakinsa na Carmes, ba da gayyatar kowa ba. Daga nan aka samu bikin gefe, wanda ake ce ma « Off ». A 2023 wasanninsa sun kusa 1.500.

Da yawa cikinsu mutum guda ne bisa dandali, da kujera da fitila, gaban ƴan kallon da wani lokaci ba su kai hamsin ba. Mu da muka san ɗan kama cikin kasuwa ba za mu rena wannan gwaninta ba. Amma a faɗi gaskiya, har da tsada ke sa shi kaɗaici. Ƙungiya ce ke biyan hayar ɗaki, kamar awa biyu a yini har mako uku, ta biya masauki, ta buga takardun talla, ɗan wasa ya yini cikin rana yana raba su da hannunsa. Da dama kan koma gida da bashi, alhali mai ɗaki ya riga ya karɓi nasa.

A ganinmu, ya kamata magajin garin da ma'aikatar al'adu su sa ido bisa kuɗin hayar nan.