Yaushe Inna za ta huta?

'Yan uwa, jiya na kalli Moms' Night Out, fim ɗin barkwanci na Kiristocin Amurka da ya fito a 2014. Iyaye mata uku ne suka bar wa mazansu yara na dare ɗaya don su ɗan sha iska, sai komai ya rikice. Na sha dariya, daga baya jikina ya yi sanyi.

Innata na tuna. Tun asuba take hura wuta, ta shirya ƙannena, ta kama hanyar kasuwar Malanville. Tun da aka rufe gada a 2023, kwale-kwale take shiga ta ƙetare kogi da kayanta. In ta dawo, tuwon dare na jiran ta. Mu kuwa samarin Gaya muna fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, muna zancen 'yancin ƙasa.

Wallahi da kunya. Musulmi da Kirista duk mun iya yabon uwa, amma yabo ba ya wanke tukunya. Kar mu jira 13 ga Mayu, ranar matan Nijar. Yau ɗin nan ka ɗebo ruwa, ka riƙe yara, ka ce Inna ta je ta kwanta.