Wasiyyi ɗan aike ne, ba mai gida ba

A Cadawa, kamar a sauran garuruwan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da an yi sadakar bakwai sai dangi su ɗora wa mutum guda riƙon abin da mamaci ya bari. Galibi babban wa ne, ko ƙanen mahaifi. Daga ranar nan wasunsu sukan ɗauka naɗi aka yi musu.

Alhali aikin wasiyyi a ƙayyade yake. A fitar da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, sannan a raba. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ta yanka wa kowa rabonsa: matar mamaci tumuni in akwai ƴaƴa, ɗiya rabin rabon ɗa. Aya ta 10 kuwa wuta ta ambata ga mai cin dukiyar maraya. Ina ayar da ta ce a jira shekara goma?

Amma jiran ake yi, da hujjar “kada gida ya watse”. Hujja ce mai daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya cikinta: ƙasar Maradi ta cika da jama'a, gandun da aka yanka gida goma ba ya ciyar da kowa. To, sai dai wa ke nome gandun nan da ba a raba ba? Rumbun wa hatsin ke shiga? A yunwar 2005 an jinginar da gonaki, an sayar da wasu, marayun da ke da haƙƙi ciki suna goye. Binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 ya nuna yadda matan kudancin Maradi ke rasa ƙasar noma. Har gamanar da aka saba ba su ta fara gagara. Ɗiya sai a sallame ta da akuya, wai ai gidan wani za ta.

Tun 1993 dokar karkara ta tanadi hukumomin filaye masu ba da takardar shaidar mallakar gona. Wasiyyin da ke gudun takarda, ya san abin da yake ɓoyewa.

A nan malaman lakwal ke da nasu laifi. Su ake kira karatun wasiƙa da cika takardu, amma ranar zaman gado sai su ce maganar cikin gida ce. Lissafin gonaki, bisashe, damman hatsi da basussuka, a rubuce, gaban liman da mai gari da matar mamaci kanta, bai fi aikin hantsi guda ba.