Tanadi A Garin Da Ya Saba Da Awo

Ranar 16 ga Afrilun 2020 dokar kulle ta fara aiki a Kano saboda annobar korona, ana gab da azumi. Mahukunta suka ce kowa ya yi tanadi. A matsayina na manazarcin harshe, na daɗe ina juya wannan kalma. Tanadi kalmar mai rumbu ce. Magidancin Gyadi-Gyadi kuwa awo da cefane ya sani, dukkansu na yini guda, domin ɗan dako in bai fita ba, tukunya ba ta hawa murhu.

Shi ya sa da aka sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis, abin da na gani a kasuwar Tarauni shi ne ainihin turmutsitsin da aka kulle mu don gudunsa.

A ganina, shirin wata annoba ya fi ƙarfin gida ɗaya. Maƙwabta su yi adashin hatsi lokacin kaka, sa'ad da gero ke da araha, a haɗa da wake, kuka, daddawa da gawayi. Mai hawan jini ko ciwon suga kuma ya ajiye maganin wata guda, domin a kwanakin nan Asibitin Malam Aminu Kano da ke kusa da mu ya yi wa da yawanmu nisa.